Koyon Jita A Tambuwal Da Kebbe: A Fara Da Sauti Huɗu Na Gida

Sanin kowa ne cewa ƙasar Sakkwato ba ta taɓa yin talaucin makaɗa ba. Daga cikin tsohon Lardin Sakkwato ne aka sami Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Ɗan Anace, mutanen da har yau gidajen rediyo ba su daina sanya waƙoƙinsu ba. To, amma Jankiɗi ya rasu tun 1973, Ɗanƙwairo kuma a 1991. A wasu sassan ƙasar Hausa ma haka abin yake, gama Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos mai kuntigi kuwa a 2015. Tambayar da ta kamata masu ilmi su yi wa kansu ita ce, hannun wa zai karɓi wannan aiki?

Duk wanda ya halarci bukukuwa a 'yan shekarun nan, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Sanyinna zuwa Jabo, har kudu zuwa Kebbe da Kuchi, ya san yawancin kiɗan da ake ji daga lasifika yake fitowa. Tun cikin shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyanon lantarki ta mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa, daga baya kuma kwamfuta ta zo ta ƙarasa aikin. Yau saurayi yana iya fitar da waƙa cikakkiya ba tare da yatsansa ya taɓa tsirkiya ko fatar ganga ba. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, kuma mutane da yawa suna cin abinci da shi. Sai dai al'ummar da ba ta da masu kiɗa da hannu, in an ɗauke wuta, ita ma sai ta yi shiru.

Duk da haka akwai abin ƙarfafa gwiwa. A cikin ɗalibai da ƙananan ma'aikata akan sami masu sha'awar jita, waɗanda ke tara kuɗi su saya, su riƙa koyo daga hotunan bidiyo a wayar hannu. Abin takaici shi ne, da yawansu sukan haddace kamun yatsu uku ko huɗu, su yi ta sharar tsirkiyoyin gaba ɗaya, su ga abin bai yi kama da waƙar da suka tashi suna ji ba, sai su jingine jitar ta yi ƙura. Ba ƙarancin basira ne ya jawo haka ba. Sun shiga ne ta ƙofar baƙi, alhali kuwa akwai ƙofar gida a buɗe, watau wasu sauti huɗu da ya kamata kowane Bahaushe mai koyon jita ya fara da su.

MENE NE DAMI MAI NA SHIDA?

Wanda ya zauna ajin waƙa a firamare zai tuna da tsanin sauti mai hawa bakwai, watau do, re, mi, fa, so, la, ti, sa'an nan a koma do na sama. Idan aka ɗauki sauti uku ko fiye aka kaɗa su lokaci guda, masana kiɗa suna kiran wannan kod, wanda za a iya kira damin sauti, kamar yadda manomi ke ɗaure zangarniyar gero wuri ɗaya. Damin da aka fi sani shi ne na do da mi da so. In aka ƙara masa hawa na shida, watau la, sai ya zama babban dami mai na shida: do, mi, so, la. Da haruffan da ake rubuta kiɗa da su, in an fara daga C, sautukan su ne C, E, G, A. In kuwa daga G aka fara, su ne G, B, D, E.

Ana iya kaɗa dami a dunƙule, ana kuma iya warware shi a fitar da sautukansa ɗaya bayan ɗaya, a hau a sauko. Wannan warwara ita ce ake kira afejiyo, kalmar da ta samo asali daga sunan garayar Turawa a harshen Italiya. Ita ce abin da ake kira ga mai koyo ya lazimta.

Dalilin zaɓen wannan dami daga cikin ɗimbin damman da ke akwai a fili yake. Mafi yawan waƙoƙin gargajiya na Hausa a kan tsani mai hawa biyar suke tafiya, kuma ɗaya daga cikin siffofinsa da aka fi sani ita ce do, re, mi, so, la, babu fa, babu ti. Mai karatu ya kwatanta da kansa: dami mai na shida ya ƙunshi huɗu daga cikin biyar ɗin nan, re kaɗai ya rage. Ashe ke nan wanda yatsunsa suka saba da wannan warwara, ya riga ya mallaki kashi huɗu cikin biyar na hanyar da muryar mawaƙin gida ke bi.

Akwai kuma wani abin mamaki a jikin jitar kanta. Tsirkiyoyinta shida, in an saita su bisa ƙa'idar da aka saba, daga mai kauri zuwa siririya, sautukansu su ne E, A, D, G, B, E. Huɗun da suka fi siranta, watau D, G, B, E, su ne daidai sautukan dami mai na shida na G, ba tare da an danna ko'ina ba. In aka haɗa da A, an cika tsani mai hawa biyar cif. Watau jitar da ake yi wa kallon baƙuwa, ko ba a sa mata yatsa a wuya ba, da harshen da kunnen Bahaushe ya sani take magana.

Har ila yau, kiɗan Hausa na asali ba a kan dunƙule sauti aka gina shi ba. Mai goge da mai kukuma da mai kuntigi tsirkiya ɗaya gare su, mai garaya da mai gurmi da mai molo kuwa biyu ko uku, kuma dukkansu bin muryar mawaƙi suke yi, ko su amsa masa kamar 'yan amshi. Ga shi kuma Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawan murya ko saukarta ke iya sauya ma'anar kalma, don haka waƙar da ta saɓa wa karin kalmomi takan ɓata magana. Sharar tsirkiya shida a dunƙule takan danne wannan kari. Warwara kuwa, da yake sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda, tana iya hawa inda murya ta hau, ta sauka inda ta sauka.

YADDA ZA A YI AIKIN

A wuyan jita akwai 'yan ƙarafa da aka gitta, waɗanda suka raba shi gaɓa gaɓa. Darasi na farko a kan tsirkiya ɗaya za a yi shi, tamkar mai kuntigi. A ɗauki tsirkiya ta uku, watau G, a kaɗa ta a sake, wannan shi ne do. A danna gaɓa ta 4, an sami mi. Gaɓa ta 7 ita ce so, ta 9 ita ce la, ta 12 kuwa do na sama. Tazarar da ke tsakaninsu ke nan gaɓa 4, da 3, da 2, da 3, jimla 12. Wanda ya riƙe wannan lissafi zai iya gina damin daga kowane wuri a kan kowace tsirkiya, ba sai ya nemi zane a littafi ba.

Darasi na biyu shi ne ratsa tsirkiyoyin duka ba tare da hannu ya gusa daga wuri ɗaya ba. A ba kowane yatsa gaɓarsa: manuni ya tsare ta 2, na tsakiya ta 3, na zobe ta 4, ƙarami ta 5. Daga nan sai a fara da tsirkiya ta shida, mafi kauri, a gaɓa ta 3. A wuce ta biyar a gaɓa ta 2 da ta 5, ta huɗu ma a gaɓa ta 2 da ta 5, ta uku a gaɓa ta 4, ta biyu a gaɓa ta 3 da ta 5, a ƙare da ta ɗaya a gaɓa ta 3. Sautuka tara ke nan, daga G na ƙasa har G na can sama, sa'an nan a juyo a sauko ta hanyar da aka hau. Amfanin wannan kamu shi ne, babu tsirkiyar da aka bari a sake, saboda haka in an matsar da hannu gaba da gaɓa biyu, an koma A ke nan, in an ƙara uku a kan haka an isa C, kuma tsarin yatsu bai sauya ba. Da wannan ne makaɗi zai iya bin mawaƙi mai babbar murya ko mai siririya.

Darasi na uku shi ne sauya mafari. In aka fara daga do, sautin yakan fito da fara'a. In aka ɗauki waɗannan sautuka huɗu ɗin dai aka fara daga la, watau la, do, mi, so, aka kuma riƙa komawa can a huta, sai a ji ya yi sanyi kamar mai begen gida. Masana sun san cewa dami mai na shida na C da ƙaramin dami mai na bakwai na A sautukansu ɗaya ne, wurin zama kawai ya bambanta. Mai koyo ya sami riba biyu da aiki ɗaya.

Bayan haka sai a shigo da re a matsayin gada tsakanin do da mi, a ɗauki amshin wata waƙa da aka sani tun ƙuruciya, a neme shi a wuyan jita da kunne. A nan ne darasi ke zama kiɗa.

Game da yadda za a riƙa maimaitawa, tilas ne a kiyaye abubuwa kaɗan. Na farko, a fara a hankali, kamar bugu 60 a minti guda, daidai da tafiyar daƙiƙar agogo, kuma kada a ƙara sauri sai an yi hawa da sauka sau da yawa a jere babu kuskure. Sannu ba ta hana zuwa, amma yatsan da ya koyi kuskure cikin gaggawa yana da wuyar gyara. Na biyu, a riƙa furta do, mi, so, la da baki yayin da ake kaɗawa, domin kunne da yatsa su girma tare. Na uku, a danna tsirkiya da kan yatsa dab da bayan ƙarfen gaɓa, a ɗaga yatsa in sauti na gaba ya shigo, don kada sautuka su cakuɗe. Na huɗu, minti 20 kullum sun fi awa uku ranar Asabar kaɗai, kuma wannan bai isa ya hana ɗalibi karatu ko ma'aikaci aikinsa ba. Na biyar, in hannu ya faɗa, a gwada rarraba sautukan uku uku a kan kowane bugu, irin tafiyar da ake yawan ji a kiɗan kalangu. Da yake sautukan huɗu ne, rabon kuwa uku uku, nauyin bugu zai riƙa faɗawa kan sauti dabam a kowane zagaye, kuma wannan saɓani shi ne gishirin kiɗan Afirka ta Yamma.

Ita kanta jitar tana bukatar kulawa a irin yanayin wannan yanki. Hunturu yana busar da katako har ya tsage, zafin bazara da kan haura digiri 40 yana sassauta manne ya karkatar da wuya, gumi kuma yana sa tsirkiya tsatsa. A ajiye ta a inuwa cikin jakarta, a goge tsirkiyoyin da ƙyalle bayan kowane zama.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Wasu za su ce jita kayan Turawa ce, koyonta kuwa barin gida ne. Gaskiya ne cewa siffarta ta yanzu a ƙasar Sifen aka daidaita ta cikin ƙarni na 19. Amma maƙwabta sun nuna cewa kayan kiɗa na wanda ya iya shi ne. Ali Farka Ture na ƙasar Mali da 'yar molon garinsu mai tsirkiya ɗaya ya fara, daga baya ya kwashe abin da ya koya ya ɗora a kan jita, har ya sami lambar Grammy da faifan da ya yi tare da Ry Cooder a 1994, kuma bai bar noma a garinsu Niyafunke ba har ya rasu a 2006. A Jamhuriyar Nijar, Bombino na Agadas ya shiga jerin waɗanda aka tsayar takarar wannan lamba a 2019, Mdou Moctar kuwa da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A gida Nijeriya ma, marigayi Bala Miller ya rera waƙoƙin Hausa da jita da kayan busa a Kaduna cikin shekarun 1970 da 1980. Babu ɗayansu da ya zama Bature don ya riƙe jita.

Shi kansa dami mai na shida ya daɗe yana yawo a duniya. Makaɗan jaz na Amurka a shekarun 1930 da 1940 sun yawaita rufe waƙa da shi, domin la ba ya karo da muryar da ta sauka a kan do, saɓanin ti wanda ke manne da shi yana gogarsa. Masu jitar kwance ta tsibirin Hawai da ta kiɗan karkarar Amurka sukan saita tsirkiyoyinsu gaba ɗaya a kan wannan dami. Ƙungiyar Beatles ta Ingila ma da shi ta rufe waƙarta She Loves You ta 1963. Saboda haka wanda ya koye shi bai kulle kansa a gida ba, ya riƙe mabuɗin da ke buɗe ƙofa biyu.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma dole a karɓe ta. Goge ba shi da ƙarafan gaɓa, yatsan mai shi yana iya tsayawa tsakanin sauti da sauti, ya ja, ya lanƙwasa, yadda jita ba za ta iya ba sai da dabarar tura tsirkiya ko zamewa a kanta. Kuma ba kowace waƙar gargajiya ce ke zama daram a kan do, re, mi, so, la na Turawa ba. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce hujjar da ta sa mai koyon jita bai kamata ya raina tsohon makaɗin ƙauyensu ba. Warwarar dami ƙofa ce kawai, cikin ɗakin kuwa a hannun mai goge da mai molo yake.

Suka ta uku ita ce ta mutunci, cewa kiɗa sana'ar gado ce, ɗan boko ko ɗan gidan sarauta bai kamata ya shiga layin maroƙa ba. Amma su wane ne suka adana sunayen sarakuna da jarumai da manoman wannan ƙasa in ba makaɗa ba? Jami'o'i sun daɗe da gane haka, shi ya sa malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka ɓata shekaru suna tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu. Bai dace a girmama waƙa a ɗakin lacca, a wulaƙanta hannun da ke kaɗa ta ba.

Maganar addini kuwa ta malamai ce. Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo aka yi rubuce-rubuce a kan abin da ya halatta da wanda bai halatta ba na kiɗa, kuma Tambuwal gari ne mai tushe a wannan gida, tun da can ɗan Shehu, Muhammadu Buhari, ya zauna. Wanda ya ƙaurace wa kiɗa bisa abin da malaminsa ya karantar da shi, babu mai ikon tilasta masa. Wannan kira ya shafi wanda ya riga ya ɗauki jita ne, cewa ya yi abin da ilmi da natsuwa, ya tsare lokacin salla da haƙƙin maƙwabci, ya kuma tsabtace abin da zai rera.

AIKIN HUKUMA

Ba a kan samari kaɗai nauyin yake ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta ba fasahar al'adu gurbi a makarantu, kuma Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma tana da takardar kiɗa a cikin darussanta. Ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Sakkwato ta duba yadda wannan gurbi zai zama aiki a makarantun ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, ba suna a jadawali kawai ba. Ana iya neman a turo masu yi wa ƙasa hidima da suka karanta kiɗa, a haɗa su da makaɗan gargajiya na yankin, wannan ya kawo ilmin rubutu, wancan ya kawo na kunne. Jita biyu ko uku da molo da kukuma a ƙungiyar al'adu ta makaranta ba su kai kuɗin da za su karya asusun ƙaramar hukuma ba.

Haka nan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da Gidan Rediyon Rima suna da rawar da za su taka, ta hanyar zagaya ƙauyuka a ɗauki kiɗan tsofaffin masu tsirkiya tun suna raye, a rubuta karinsa da do, re, mi, a raba wa makarantu. Maƙwabciya Nijar ta kafa cibiyar horar da makaɗa a Yamai tun 1989, wadda ke ɗauke da sunan Alhaji Taya, inda kayan gargajiya da na zamani ke zaune a gida ɗaya. Ba abin kunya ba ne a koyi darasi daga can.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke aji ɗaya na sakandare a Kebbe ko Dogon Daji yau, in ya soma da waɗannan sauti huɗu yana yi kullum, kafin ya gama makaranta zai iya zama gaban tsohon mai goge ya ɗauki abin da ke hannunsa. In kuwa aka yi sakaci har tsofaffin suka ƙare, za a wayi gari da jita a hannu, babu wanda zai faɗa mata abin da za ta ce. Allah Ya sa a farga da wuri.